Yadda na daidaita harshe da tsarin ƙasa a ordinatar ɗin magazar Kawu

Ordinatar ɗin da muke lissafin magaza da ita ta hannu ce, daga Kano anka kawo ta, irin waɗanda ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Lafiyarta lau, batir na riƙe wuta, akwai Windows 10 da Excel da Word a ciki, sai dai komi nata da Ingilishi yake kuma wanda ya girka mata Windows ɗin ya bar ta a kan tsarin Amurka yadda ta zo. Kawuna wake da aya da riɗi yake saye a kasuwannin wajen Agye da Gazawa da Cadawa, ana tarawa a magaza nan Maradi kafin manyan masu saye su zo ko su aiko, kuma tun da anka sayi ordinatar ɗin yaron da ke zama magaza shi ke juye abin da ke cikin kaye zuwa Excel kowane marece.

Da kaka ta yi nisa Kawu ya ce a fiddo mishi jimillar kilon ayar da ta shiga, abin da Excel ta bada bai kai na kaye ba, kuma ba ɗan bambanci ba ne da za a ce hannu ne ya zame. Ya kira ni ya ce, ɗana zo ka dubo min wanga abu, ko dai na'urar ce ba ta iya lissafi ba ko kuma wani na ci na. Wannan magana ta biyu ita ta tada min hankali, don yaron nan amintacce ne, kuma zargi in ya shiga magaza da wuya ya fita.

Da na buɗe fishiyen abin da na fara gani shi ne a cikin kolon ɗin kilo, wato layin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa, wasu lambobi sun jingina dama wasu sun jingina hagu. Duk wanda ke aiki da Excel ya riƙe wannan, lamba ta gaskiya dama take zama, abin da ya zauna hagu da kanshi rubutu ne kawai a wurin Excel ko da kai idonka lamba yake gani, kuma in ta zo tarawa tsallake shi take yi ba ta ce maka komi. Waɗanda sunka jingina hagu duka masu birgil ne, waƙafi ke nan, irin su 98,5 da 101,5. Yaron ya rubuta yadda anka koya muna a lakwal, mu a Nijar birgil ke raba kilo da guntun kilo, Amurka kuwa ɗigo suke sawa su rubuta 98.5, birgil a wurinsu na raba dubbai ne. To duk buhun da awonshi ya zo da rabi bai shiga jimilla ba. Nan take na nuna ma Kawu, ya yi shiru can ya ce to alhamdulillahi, gyara ta.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a juya ta Faransanci shi ke nan. Na juya ta ɗin, don yaron da Kawu duk sun fi gane shi, amma ina son mai karatu ya sani harshen da ke fitowa a ekaran daban, tsarin da na'ura ke karanta lamba da kwanan wata da shi daban, kilabiye daban, agogo ma daban, kowane da ƙofarshi kuma taɓa ɗaya ba ya gyara sauran. Juya harshen bai da wuya. Parametir, sashen lokaci da harshe, ka ƙara Faransanci, ta sauko da shi daga intanet, ni da koneksiyon ɗin wayata na yi, sai ka zaɓe shi a matsayin harshen Windows ka fita daga kwant ɗinka ka sake shiga. Abu guda da za ka duba kafin ka ɓata megarka, akwai irin Windows da anka rubuta ma Single Language a sunanta, wannan ba ta yarda a canza mata harshe, tamu dai ba ita ba ce. Word da Excel kuma nasu harshen a cikinsu yake, a opsiyon, shi ma sai an sauko da shi daban. Bayan duk wannan na koma na rubuta 98,5 a wani sabon selil, wato ɗan gidan da ake rubutu a ciki a Excel, don in gani, ta sake jingina hagu. Ekaran ya koma Faransanci tas amma lissafi na nan a Amurka.

Inda aikin yake shi ne sashen rejiyon. Wuri biyu ne a shafi guda kuma mutane na ruɗa su, na sama ƙasar da kake zaune, na sa Nijar, wannan bai taɓa lissafi ba ko kaɗan. Na ƙasa shi ne tsarin rubuta lamba da kwanan wata da kuɗi, shi ne mai maganar. A jerin akwai Faransanci na Nijar, akwai ma Hausa ta Nijar kusa da Hausa ta Najeriya, wallahi na ji daɗin ganinta, balle yanzu da dokar ƙasa ta shekarar 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma Faransanci na Nijar na zaɓa, dalili kuwa mutanen da muke musayar fishiye da su a Yamai da masu cika takardun fiton kaya duk a kan tsarin Faransanci suke, ina son abin da zai fita daga wurinmu ya faɗa daidai da nasu ba tare da wani ya sake taɓawa ba.

Ban tsaya a zaɓen ba, na shiga ciki na duba ɗaya bayan ɗaya, don ordinatar ta hannu ba ka san abin da mai ita na farko ya sauya da hannunshi ba. Hanya mafi kusa ita ce ka danna tush ɗin Windows tare da R, ka rubuta intl.cpl, wani ƙaramin akwati zai buɗe, a ƙasanshi akwai maɓallin ƙarin parametir. A shafin lambobi na tabbatar alamar guntun lamba birgil ce, mai raba dubbai fili ne, wato 1 250 000, sannan mai raba jeri birgil mai ɗigo a sama, awo kuma na mita da kilo. Wancan mai raba jerin kar ka raina shi, shi ne ke shiga tsakanin sassan formil, wato umarnin lissafi da ake rubuta ma Excel, shi ya sa formil ɗin da wani ya turo maka daga Kano ko ka kwafo daga bidiyon Ingilishi take ƙi, su birgil suke sawa kai kuma taka na'urar birgil mai ɗigo take jira. A shafin kuɗi na tabbatar alamar sefa ce ba dala ta Amurka ba, lambobin bayan birgil kuma sifili, mu ba mu da santim a ciniki, faktir mai 25 000,00 cika ido ne kawai kuma tsoho na iya karanta shi miliyan biyu da rabi. Kwanan wata rana sannan wata sannan shekara, jj/MM/aaaa, M ɗin manya ne don ƙananan na minti ne. Lokaci na awa 24. Ranar farkon sati Litinin, da a kan Lahadi take.

Sai gwaji. Na rufe Excel gaba ɗaya na sake buɗewa, sannan na rubuta lambar da kowa ya sani a ƙasashen sefa, 655,957, wato canjin yuro ɗaya da ba ya motsi tun 1999. Na zaɓe ta da gangan don lamba uku ne bayan birgil, kuma irin wannan ce ta fi haɗari. A tsarin Amurka Excel ba za ta ƙi ta ba, ba za ta jingina ta hagu ba, karɓa za ta yi hannu biyu ta ɗauke ta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗari tara da hamsin da bakwai, babu wata alama da za ta nuna maka an yi ɓarna. Na ninka ta da 100, ta ba ni 65 595,7, daidai ke nan. Na rubuta 25/12/2025 ta zauna dama. Na rubuta 03/04/2025 na juya selil ɗin zuwa dogon kwanan wata, ta nuna 3 ga Afrilu ba 4 ga Maris ba. Na kuma leƙa opsiyon ɗin Excel, can sashen da ya fi zurfi akwai wani ɗan akwati da ke cewa ta bi alamomin da Windows ke aiki da su, in wani ya cire mishi alama to Excel nata take bi komi ka sa a waje. Namu da alamarshi.

Yanzu ga abin da ya fi cin lokaci kuma shi ne ba a cika faɗi ba. Canza tsari sabon rubutu yake gyarawa, abin da anka riga anka shigar yana nan yadda ya shiga. Kamar ka gano tiyar da kake awo da ita ba daidai take ba ne, canza tiya ba ya gyara buhunan da anka riga anka ɗinke, sai an kwance an sake awo.

Kilon da sunka zama rubutu su ne masu sauƙi. Na zaɓi kolon ɗin, na je sashen bayanai na danna abin juya rubutu zuwa kolon, na ƙare ba tare da na sauya komi ba, sai Excel ta sake karanta su da sabon tsari duka sunka koma dama, jimilla ta tashi ta haɗu da ta kaye. Amma akwai wani shafi da yaron ke rubuta lodin mota da tan, irin 2,500 da 12,750, wato tan biyu da rabi da tan goma sha biyu da kilo 750, waɗannan tuni an haɗiye su a matsayin 2500 da 12750. Su kam babu dabara, ido da kaye ne, in ka ga mota guda ta ɗauki tan dubu biyu ka san inda matsalar take sai ka raba da 1000.

Kwanan wata ne ya fi ba ni tsoro, don a nan ake rubuta ranar da anka ba kowane dillali kuɗin saye da ranar da ya kawo kaya. Abin da ya faru kashi biyu ne. Duk ranar da ta wuce 12, kamar 25/11, tsarin Amurka ya duba ya ga babu wata na ashirin da biyar sai ya bar ta rubutu a hagu, wannan bai lalace ba, yana nan yadda anka rubuta. Amma duk ranar da ke tsakanin 1 da 12 ta karɓe ta ta juya, yaron ya rubuta 05/11 tare da shekara yana nufin 5 ga Nuwamba, ita ta ajiye 11 ga Mayu. Muddin ana kan tsohon tsari ba za ka gani ba don a ekaran 5/11 take nunawa, sai da na canza tsarin sannan sunka fito fili suna 11/05. Excel ba rubutun kwanan wata take ajiyewa ba, lamba take ajiyewa, ƙidayar kwanaki tun daga farkon shekarar 1900, abin da ke fitowa a ekaran riga ce kawai da tsarin ƙasa ke sa mata. Ka duba fa, mutum ya karɓi kuɗi a Nuwamba lokacin kaka, takarda ta nuna tun Mayu yake riƙe da su kafin ma a yi shuka, in da an buga wannan an kai mishi ai rigima ce da mutumin da anka yi shekaru ana hulɗa.

A nan jerin aikin yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ka fara da gyara na hagu, in ka mai da su kwanan wata na gaskiya sun gauraye da waɗanda anka juya ba ka ƙara bambance su. Ni sai da na yi kwafin fishiyen a kile USB tukuna, sannan na buɗe sabon kolon a gefe na sa =ESTNUM(A2), formil ɗin da ke tambaya ko abin da ke cikin selil lamba ne, na ja har ƙasa, duk inda ta amsa da gaskiya to wannan juyayye ne. Su kaɗai na sa ma =DATE(ANNEE(A2);JOUR(A2);MOIS(A2)), wato rana ta koma gurbin wata, wata ya koma gurbin rana. Bayan nan ne na koma kan na hagu, na bi da su ta abin juya rubutu zuwa kolon, a mataki na uku na zaɓi kwanan wata JMA, wato rana, wata, shekara. Sannan ni da yaron munka zauna yana karanto kaye ina bi da ido a ekaran, don formil ba ta san ranar da shi kanshi ya yi kuskuren bugawa ba. Kawu na gefe yana jan casbi yana sauraro, in an ambaci sunan ƙauye da ranar kasuwarshi sai ya gyaɗa kai, shi duk lissafin nan a kanshi yake.

Kilabiye kuma ga yadda ya kasance. Lokacin da na ƙara Faransanci, Windows ta haɗo da kilabiyen Faransa, AZERTY, alhali abin da ke rubuce a jikin tush ɗin na'urar QWERTY ne, kowane da baƙaƙen farko na layinshi na sama ake kiranshi. Ka danna A ta ba ka Q, ka danna W ta ba ka Z, M ya bar wurinshi, lambobin sama kuma sai ka riƙe tush ɗin manyan baƙaƙe kafin su fito. Wurin da wannan ya fi cutar da mutane shi ne wajen shiga, modapas ɗinka daidai amma tana ta ƙi saboda ba ka ganin abin da kake bugawa, to ka duba kusurwar ƙasa ta dama, a nan ake nuna kilabiyen da ke aiki kuma a nan ake sauya shi. Ni don kaina na ƙara wanda ake ce ma na Amurka na ƙasa da ƙasa, baƙaƙen na zama inda suke a jiki kuma yana ba da é da è da ç in ka fara danna alamar sannan baƙin. Shi kuma yaron a sibar ya koyi bugu, hannunshi AZERTY ya sani, sai munka saya mishi kilabiye na waje mai waya da ke da lambobi a gefe, na bar mishi AZERTY ɗin a jeri. Tush ɗin Windows da dogon tush na fili ke juyawa tsakaninsu.

Na ƙara na Hausa ma, don sunayen mutane da na ƙauyuka. Da shi in ka riƙe Alt na dama ka danna k sai ƙ ta fito, d ta ba da ɗ, b ta ba da ɓ, y ta ba da ƴ irin wadda muke rubutawa a Nijar. A ganina ya kamata duk mai rubuta sunayen mutane a na'ura ya sa shi, Ɗan Gulbi da Ƙaura su fito yadda ake faɗinsu, kuma in kana neman suna a jeri ya zama hanya guda anka rubuta shi ba uku ba. A Arial da Times New Roman baƙaƙen na fitowa lafiya. Jan layin da Word ke ja ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuma, a sashen harshen gyaran rubutu na ce ta daina dubawa a waɗannan takardun.

Agogo na same shi a kan wani yankin Amurka an dai gyara awar da hannu. Nijar awa ɗaya take gaban Girinwic duk shekara, amma a jerin akwai layuka da yawa masu +01:00, kuma da yawan masu gyara na Paris suke zaɓa don shi sunka sani. Na Paris daidai yake da namu lokacin ɗari, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Turai na tura agogo gaba da awa ɗaya, sai ka wayi gari na'urarka ta riga ka. Wanda ya dace shi ne mai sunan Afirka ta tsakiya ta yamma, shi ba ya motsi.

Wajen buga faktir ma sai da na taɓa, Word ɗin a kan takardar Amurka take, wadda ta fi tamu faɗi kaɗan ta kuma fi ta gajarta, tamu A4 ce santimita 21 da 29,7. Na sauya a Word na ce ya zama na kullum, na sauya a Excel, na kuma duba a parametir ɗin amfirimanti don ita ma tana da nata. Ma'aunin gefen takarda na mai da shi santimita daga inci.

Gwaji na ƙarshe da wani fishiye na yi, irin CSV, wato jerin lissafi da anka ajiye a matsayin rubutu zalla, da wani mai saye daga Yamai ke turowa, wanda a da in an buɗe komi ke cunkushewa a kolon guda. Yanzu ya rabu da kanshi, don shi da birgil mai ɗigo anka raba shi kuma na'urarmu shi take jira. Namu in za mu fitar a wannan siffa mai UTF-8 nake zaɓa, tsarin da ke riƙe baƙaƙen kowane harshe, in ba haka ba ƙ da ɗ alamar tambaya suke komawa. Daga nan na koma intl.cpl, shafin gudanarwa, na kwafe parametir ɗin zuwa ekaran ɗin shiga da duk sabon kwant da za a buɗe, don tsarin nan na kowane kwant ne daban, in an buɗe ma wani sabo ba tare da haka ba zai iya farawa daga tsohon.

Saura abokan cinikinmu na Kano da Katsina. Su rana suke fara rubutawa kafin wata kamar mu, amma a lamba ɗigo ne na guntu birgil na dubbai, 2,500 a wurinsu dubu biyu da ɗari biyar ne. In fishiyen Excel na ainihi ne babu damuwa, lambar na ciki yadda take, kowa tashi na'urar za ta nuna mishi da tsarinshi, har SOMME ɗinmu, formil ɗin tarawa, can SUM za ta fito da kanta. CSV ne da saƙon WhatsApp ba su da mai fassara. Don haka na ce ma yaron duk abin da zai tura ƙetaren iyaka da hannu ya rubuta nauyi da kilo cikakke, 2500 kg ba 2,5 tan ba, kuɗi ya faɗi sefa ne ko naira, wata kuma ya rubuta sunanshi da baƙaƙe.